Jagora: Yadda Za Ka Kare Tsoho Ko Mai Lalura Daga Cin Zarafi A Sakkwato

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, tsohuwar malamar firamare da ke karɓar fansho. Da ɓarin jikinta ya shanye sai ta daina fita, katin bankinta ya koma hannun ɗan ƙanenta da ke zaune a gidan. Duk wanda ya shiga gaishe ta amsa ɗaya yake samu: "Lahiya lau, mun gode Allah." Aka shafe watanni a haka. Ranar da asiri ya tonu, yaro ta aika wurin maƙwabciya a ranto mata kuɗin koko, alhali kwana uku ke nan da biyan 'yan fansho. Maƙwabciyar nan ba ta taɓa shiga ajin koyon aikin jin daɗin jama'a ba, amma abin da ta yi daga nan kusan shi ne duk abin da ake koya wa ma'aikata. Ta lura, ta keɓe da tsohuwar, ta saurare ta, sannan ta tambaye ta abin da take so a yi.

Wannan jagora don irin maƙwabciyar nan ce, da ma'aikacin jinya, da limamin unguwa, da 'yan agaji, da duk wanda Allah ya ɗora wa kula da wani babba da ba zai iya kare kansa ba. Ina nufin wanda ya kai shekara 18 amma tsufa ko ciwo ko nakasa ta sa rayuwarsa ta rataya a hannun wani: tsoho mai gigin tsufa, makaho, kurma, gurgu, mai farfaɗiya, mai taɓin hankali, matar da yoyon fitsari ya raba da mijinta, da tsofaffin da rashin tsaro ya koro daga Sabon Birni ko Isa ko Rabah suka zo suka raɓe a gidajen dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama ya gamu da wani nau'in cin zarafi cikin shekara guda. Kuma mai cutarwar da wuya ya zama baƙo. Galibi shi ne mai kawo tuwon.

Mataki na farko: koya wa idonka gani

Duka shi ne abin da kowa ke fara tunawa, amma shi ne mafi sauƙin ganewa. Duba wuraren da faɗuwa ba ta cika jin ciwo ba: cikin damtse, bayan kunne, cinya, gadon baya. Shatin igiya ko na sarƙa a wuyan hannu da idon sawu ba ya buƙatar fassara. Idan labarin yadda aka ji ciwon yana sauyawa daga bakin wannan zuwa na wancan, riƙe wannan a ranka.

Sakaci ya fi duka yawa, ya kuma fi kisa a ɓoye. Shiga ɗakin ka ji ko yana zarnin fitsari. Duba shimfiɗa, duba farce, duba ko akwai buta ko kofin ruwa inda hannunsa zai kai. Duk wanda ya san Sakkwato tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ɗakin kwano da aka rufe tanderu ne. Tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa kamar saurayi, sai ka ga leɓensa ya bushe, fitsarinsa ya yi ja, ya fara sambatu, a ce tsufa ne, alhali ruwa ne ya ƙare a jikinsa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana so a juya shi kusan duk awa 2. In ba a yi ba, gyambon kwanciya na fitowa a ƙugu da ɗuwawu da dunduniya. Gyambo mai zurfi da wari shaida ce cewa an daɗe ba a kula ba.

Sai cin dukiya, wanda a ganina shi ya fi yawa a gidajen masu rufin asiri. Alamominsa su ne mai fansho da ba ya da kuɗin magani, gona ko fili da aka sayar "da izininsa" bayan kowa ya san ya daina gane mutane, takardar da aka dangwala masa yatsa bai san abin da ke ciki ba, alawus ɗin nakasassu da jiha ta fara biya tun zamanin Gwamna Wamakko yana shiga aljihun wani, da makahon da ake kaiwa bakin kasuwa bara da safe a ƙwace abin da ya samu da yamma. Gwauruwar da aka hana tumunin takabarta, ko aka ce ta bar gidan kafin a raba gado, ita ma a nan take.

Akwai kuma cutarwar da ba ta barin tabo: zagi, gori, hana baƙi shiga, ƙwace waya, da jifar tsohuwa da maita saboda gigin tsufa ya sa tana fita tsakar dare tana kiran sunayen matattu. Lura da yadda mutum ke yi idan wani ya shigo. In yana hira da kai sai ya yi tsit da jin takun wani, ko ya kalli fuskar mai kula da shi kafin ya amsa gaisuwa, akwai magana. Lalata da mata masu taɓin hankali da kurame ita ce wadda aka fi binnewa, sau da yawa sai ciki ya fito ake sani.

Mataki na biyu: keɓe da shi, ka yi tambaya

Kada ka tambayi mutum a gaban wanda kake zargi. Nemi dalili mai sauƙi: ka aiki mai jinyar sayo magani, ko ka ce za a duba jiki. Mace ta tambayi mace. Zauna ƙasa daidai da shi, kada ka tsaya a kansa kamar mai karɓar haraji.

Fara da abin da ba ya ɗaga hankali. "Inna, wa ke ba ki abinci? Sau nawa a rana?" "Baba, kuɗinka na shigowa? Wa ke ciro maka?" Daga nan ka matsa kaɗan: "Akwai wanda kike jin tsoronsa a gidan nan?" Ka yi shiru ka jira, ko da shirun ya yi tsawo. Kada ka saka masa suna a baki, irin su "Wane ne ya doke ka, ko ba haka ba?", domin wannan na ɓata shaida, yana kuma iya jawo wa marar laifi ƙazafi. Da kurma, nemi wanda ya iya maganar hannu daga wajen gidan. Ɗan gida ba ya yin tafinta a zancen da ya shafi gidan.

Amsar farko kusan kullum "ba komai" ce. Uwa ba ta son ta tona wa ɗanta asiri, tana kuma tsoron in aka kama shi wa zai ɗauke mata fo. Kada ka matsa, ka ce za ka dawo, kuma ka dawo ɗin. Abu ɗaya da ba za ka yi ba shi ne rantsuwar cewa ba wanda zai ji. Gaya masa gaskiya: "Ba zan yayata ba, amma in na ga ranka na cikin haɗari dole in nemi taimako, kuma kai zan fara gaya wa."

Mataki na uku: tambaye shi abin da yake so

A nan masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna, shi ya sa zan daɗe a kai. Tsoho ba yaro ba ne. Shanyewar ƙafa ba ta taɓa hankali, makanta ba ta cire wa mutum ikon dukiyarsa. Na sha ganin dangi sun taru a zaure sun yanke cewa za a kwashe tsohuwa a kai ta gidan ɗanta a Abuja, ita tana cikin ɗaki ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinta. An raba ta da wanda ke cutar ta, an kuma raba ta da maƙwabtanta da ɗakin da ta yi shekara 50 a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Ingila, inda aka tsara wannan aiki sosai, dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a ɗauki kowane babba a matsayin mai hankalin kansa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma don mutum ya zaɓi abin da kai kake gani wauta ce, wannan bai zama hujjar cewa ba ya da hankali ba. Awon da suke yi mai sauƙi ne, kowa zai iya amfani da shi: shin ya fahimci bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya auna amfani da illa, ya kuma iya bayyana zaɓinsa ko da da ishara? Ana yin awon a kan kowace shawara daban. Mai gigin tsufa zai iya kasa lissafin cinikin gona amma ya san sarai wace 'ya yake so ta yi masa wanka. Gwada shi da safe, lokacin da kansa ya fi washewa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a riƙe wa wanda ba ya iya tattali dukiyarsa, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma gaya masa magana mai daɗi. Aya ta 282 a Baƙara ta ce waliyyin mai rauni ya yi shifta da adalci. Abin da malaman fiƙihu ke kira hajru, wato hana babba taɓa dukiyarsa, hanyarsa ita ce gaban alƙali. Babban ɗa ba ya wayar gari ya naɗa kansa.

In mutum na da hankalinsa ya ce ba ya son a kai ƙara, girmama wannan, ka ci gaba da zuwa, ka rage haɗarin ta wasu hanyoyi. Wurare uku ne kawai za ka tsallake maganarsa: in ransa na cikin haɗari, in akwai wasu da mai cutarwar ke iya kaiwa gare su, ko in ka ga tsoro ne ke magana da bakinsa.

Mataki na huɗu: lafiya kafin shari'a

In akwai rauni, suma, zubar jini, gyambo mai ruɓa ko ruɗewar da ta zo farat ɗaya, asibiti za a fara nufa, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko babban asibitin ƙaramar hukuma. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa. Roƙi likita ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla, ka adana katin.

In fyaɗe ne, lokaci na da tsada. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafin, a naɗe su a takarda, don leda na lalata shaida. Cibiyar Nana Khadija da ke cikin Asibitin Ƙwararru an kafa ta ne don irin wannan.

Mataki na biyar: rubuta

Mu mutane ne masu dogaro da "ai kowa ya sani", sai an je gaban hukuma a rasa mai tuna rana. Sami littafi ka rubuta kwanan wata, lokaci, wuri, wa ke nan, me ka gani. Rubuta maganarsa da kalmominsa, ba da naka ba. Raba abin da idonka ya gani da abin da kake zato: "na ga shati biyu a wuyan hannun dama" shaida ce, "ɗansa mugu ne" ra'ayi ne. Hoto sai da izininsa, kuma kada ya hau Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa. Yaɗa hoton tsohuwa cikin ƙazanta don a tausaya mata wani cin mutuncin ne a kan na farko.

Mataki na shida: san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Dokar Ingila ta 2014 ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin bincike da zarar an yi zargin ana cutar da babba mai buƙatar kulawa. Mu a nan aikin a rarrabe yake, don haka kai za ka zaɓi ƙofa gwargwadon nauyin abin.

In sakaci ne na gajiya ko talauci ko jahilci, fara da gida: wani babba a dangi da ake jin maganarsa, sai limami, sai mai unguwa, in ta ƙi a je ga hakimi har uban ƙasa. Hisba na shiga irin wannan sulhu. Sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha su ne wurin neman tallafi in rashin abin hannu ne tushen matsalar. Ga nakasassu, kada a manta da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da ƙungiyoyinsu, sun fi kowa sanin wa ke cin guminsu.

Amma sulhu na da iyaka. Fyaɗe, duka mai rauni, ɗaure mutum, hana abinci da gangan da sayar da kadara da takardar jabu laifuka ne, wurinsu ofishin 'yan sanda da kotu. Duk wanda ya ce maka a bar kaza cikin gashinta a kan waɗannan, sunan gidan yake karewa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta ambaci watsar da wanda ke ƙarƙashin kulawarka ba ci ba sha, danne wa mutum dukiya, raba shi da danginsa da ƙarfi, tauye masa 'yancin walwala da musguna wa matar mamaci. Ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya da zai hana mai cutarwa kusantar wanda yake cuta. Sakkwato ta yi tata dokar a 2021 zamanin Gwamna Tambuwal, kuma da ita kotunan jiha ke aiki. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun ga mutum, da naira miliyan 1 ga kamfani. In ba kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. In ana yawo da nakasasshe gari-gari ana bara da shi, NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, na da ofishi a Sakkwato. Rikicin gado da na waliyyi kuwa na kotun shari'ar Musulunci ne.

Kada ka je ka tari wanda kake zargi kai kaɗai cikin fushi. Kai za ka koma gidanka, tsohon ne zai kwana da shi.

Zancen mari

Iyalai da yawa da ke ɗaure ɗansu mai taɓin hankali ba mugunta ce ta sa su ba, sun rasa yadda za su yi ne. Amma ƙarfe na cin nama, ƙafa na shanyewa, ciwon kuma ba ya warkewa da sarƙa. Ƙasar nan ta ga abin da ke cikin wasu gidajen mari a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta ɗaure marar lafiya da sarƙa. Mu kuwa ba mu da uzurin nisa, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan a Kware. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan magani. In ka tarar da wanda aka ɗaure, kada ka tsaya kan cire marin kawai, ka haɗa iyalin da likita a ranar, in ba haka ba kana juya baya za a mayar.

Rigakafi a cikin gida

Yawancin sakaci daga mai jinya ɗaya yake farawa, galibi suruka ko 'yar da ba ta yi aure ba, wadda aka bar wa wanki da ɗauka da rashin barci shekara da shekaru, 'yan'uwa maza na turo gaisuwa ta waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zauna a raba kwana, a raba kuɗin magani, a ba ta ranar hutu. Ranar da ka ji ta fara yi wa tsohon tsawa, tambaye ta rabonta da barci kafin ka karanta mata ayar "kada ka ce musu uf".

Kan kuɗi, a raba hannu: wanda ke riƙe kati daban, wayar da saƙon banki ke shigowa a hannun mai kuɗin ko wani daban. A ajiye rasitin mai POS, a rubuta abin da aka kashe, a karanta wa mai dukiyar duk wata. Takardun fili da na gida a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi wurin mutum biyu. Duk cinikin kadara a yi shi da shaidu da ba su da rabo a ciki.

In kana jagorantar asibiti, gidan kula da gajiyayyu ko ƙungiyar agaji, rubuta ƙa'ida a takarda ɗaya da Hausa, a manna a bango. A naɗa mutum ɗaya mai karɓar ƙorafi, da na biyu don ranar da ƙorafin ya shafi na farkon. Kafin a ɗauki ma'aikaci a tuntuɓi inda ya baro. A hana karɓar kyauta ko rance daga hannun majinyaci. Wanda aka zarga a janye shi daga wurin har a gama bincike, wanda ya fallasa kuma kada a taɓa aikinsa. Shugaba ya riƙa shiga ɗakuna da dare ba sanarwa, don abin da ake gani ranar ziyarar manya ba shi ne abin da ke faruwa ƙarfe biyun dare ba.

Mataki na ƙarshe: koma

Bayan an yi sulhu ko an kai ƙara, makonnin farko su ne mafi haɗari, domin wanda aka tona zai iya hucewa a kan wanda ya yi magana. Sa rana: bayan kwana 3, bayan mako, bayan wata. Kowace ziyara a sake keɓewa, a sake tambaya.

Malamar nan ta unguwarmu ta ƙi a kai ɗan ƙanenta ga 'yan sanda, ta ce ita ta goya shi. Abin da ta nema shi ne a karɓo katinta kuma kada a kore shi daga gidan. Limami da mai unguwa suka zaunar da shi, aka ɗauke ta a Keke Napep zuwa banki ta sauya lambar sirri da hannunta, saƙon banki ya koma wayarta. Katin yanzu yana ƙarƙashin matashinta cikin ƙullin ɗankwali, maƙwabciyar kuma na shiga duk Juma'a bayan la'asar da littafin lissafi.